Jawabi a Kan Kayan Asibitin En'e da Masu Aiki da Su

 Abin da za a yi magana a kansa shi ne ɗakin shan magani na En'e, da kayan da ke cikinsa, da mutanen da suka riƙe shi. En'e dai ta kau tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma aikin da ta ɗauka bai kau ba, ya koma hannun magadanta. In an tashi tuna ma'aikatanta, galibi akan fara da masu rawani da masu alƙalami, sai lokaci ya ƙure ba a kai ga mai wanke miki ba. Yau da shi za a fara.

Kafin zuwan asibiti ƙasar nan ba ta rasa masu magani ba. Akwai wanzami da askarsa da ƙahonsa, akwai maɗori mai karan ɗori, akwai ungozoma, akwai masu sassaƙe da saiwa, ga kuma malamai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani, kuma sa'ad da Baturen nan Kilafatan ya iske shi a Sakkwato cikin 1824, ɗaya daga cikin abubuwan da ya nema a aiko masa daga Ingila shi ne likita. Likitan bai zo ba sai bayan shekaru masu yawa, kuma ko da ya zo, a bariki ya fara zama, yana duba soja da ma'aikatan gwamnati. Talaka bai sami rabonsa sosai ba sai da En'e ta sa kuɗin baitulmali. Wajen ƙarshen shekarun 1920 aka gina Asibitin Birni a Kano, wanda daga baya aka sa wa sunan Murtala Muhammad, kuma daga wajen 1930 aka shiga kafa ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan ɗaki ba ya manta shi. Ɗaki ne biyu ko uku, da rumfa a gaba inda majiyyata ke jira, maza gefe guda, mata gefe guda. A ciki akwai tebur da kujera, da kabad mai kwaɗo, da manyan kwalabe a jere, kowace da takarda manne a jikinta. Ga kwalbar maganin tari, ga ta maganin wankin ciki, ga man gelo, ga kwinin mai ɗacin da yaro ba ya yafe wa wanda ya ɗura masa. Ga aidin, da auduga, da bandeji, da almakashi, da hantsaki, da wata 'yar tasa mai siffar ƙoda. A kusurwa akwai daro da sabulu, da tulun ruwa, da fitilar ƙwai saboda wanda maciji zai sara da dare. Warin maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa, tun daga bakin ƙofa yake tarbar mutum.

Mai ɗakin shi ne malamin asibiti. Ba likita ba ne, ko da yake mutanen ƙauye da likita suke kiransa, shi kuma ba ya cika gyara musu ba. Yaro ne da ya yi elemantare ko midil, aka koya masa gane cututtukan da aka fi fama da su, da awon magani, da sanin wanda ya fi ƙarfinsa don ya tura shi birni. A ƙarƙashinsa akwai mai wanke miki, wanda ke durƙusawa gaban gyambon da ɗan'uwan mai shi ma ya kasa kallo. Akwai lebura mai shara da ɗebo ruwa da hura wuta. A waɗansu wurare akwai ungozoma da aka horar. A waje kuma akwai mai lamba da duba-gari, waɗanda aikinsu yawo ne. A Kano aka buɗe makarantar koyon aikin tsabta cikin 1932 don horar da irinsu. Likita na gaske sai jifa-jifa ake ganinsa, in ya fito rangadi. Ɗan Arewa na farko da ya zama likita irin na Turai, Dokta Barau Dikko na Wusasa, sai a 1940 ya kama aiki. A auna yawan ƙasar, a auna yawan likitocin, sai a san a wuyan wa nauyin ya faɗa.

Daga cikin kayan aiki akwai waɗanda labarinsu gajere ne. Abin sauraren ƙirji, wanda ya zama alamar likita har yaro na gane shi da shi, wani likitan Faransa ne mai suna Layanek ya ƙago shi a 1816, kuma da takarda naɗaɗɗiya ya fara kafin ya sassaƙa na itace. Ma'aunin zafin jiki na da kwalba ce siririya da zaiba a ciki. A yarfa shi, a sa a hammata ko ƙarƙashin harshe, a jira. Zafin mai lafiya yana wajen 37 a ma'aunin da ake bi yanzu. Amfaninsa shi ne ya mai da abin da majiyyaci ke ji ya zama lamba da za a rubuta, gobe a gwada da ta yau.

Madubin likita ya fi su labari. Da shi wani likitan sojan Faransa, Labaran, ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jinin mutum a Aljeriya cikin 1880, kuma da shi Ros ya tabbatar a Indiya cikin 1897 cewa sauro ne ke ɗauke da ita. A ƙasar nan babban aikinsa na farko shi ne ciwon barci. Cikin shekarun 1930 ƙungiyoyin ma'aikata suka riƙa bin ƙauyuka, dagaci ya tara mutane, a jera su, ma'aikaci ya bi yana shafa wuyan kowa yana neman kaluluwa. In ya ji ta, sai a tsaga ta da allura, a ɗiga ruwanta a kan gilashi, a sa a madubi. Wanda aka ga ƙwayar tana motsi a ruwansa, sai a rubuta sunansa, a fara yi masa allurai. Yawancin masu leƙa madubin nan 'yan ƙasa ne, suna zaune a inuwar bishiya, hasken rana ne fitilarsu. Inda ƙudan tsando ya yi yawa har magani ya kasa, sai aka sare kurmin bakin rafuka, aka tashi mutane aka sake musu mazauni. Haka aka yi a ƙasar Anchau cikin lardin Zazzau, har aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya.

To, amma duk cikin kayan asibiti babu wanda ya shiga ran jama'a kamar allura, kuma a kanta ya kamata a daɗe. An ƙago sirinji mai allura a 1853, wani likita a Edinbara da wani a Faransa kusan lokaci guda. Sa'ad da ta iso nan, ta iske mutane suna tsoron asibiti. Akan ce wanda aka kwantar ba ya fitowa da ƙafarsa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancen, domin ba a kai mutum sai an gama da wanzami da boka, an ga rai ya kusa halinsa. Allura ce ta karya wannan tsoro. Mai tunjere da ya shekara da miyaku, a yi masa 'yan allurai, sai a ga miki yana ƙamewa, kowa a gari ya gani da idonsa. Da farsilin ya wadata bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai abin ya ƙaru, ciwon da ake jinya wata da watanni ya koma na kwanaki. Kutare ma a da allurar wani mai ake yi musu, mai zafin gaske, a zangonninsu irin su Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, kafin ƙwayar dafson ta maye gurbinta daga ƙarshen shekarun 1940.

Daga nan sai son allura ya wuce kima. Mutum ya taso daga nesa, a ba shi ƙwaya wadda ita ce daidai da ciwonsa, ya koma gida yana cewa ba a yi masa komai ba, tun da ba a soke shi ba. Ƙwayar M&B 693, wadda aka fitar a Ingila a 1938, ta ceci masu sanƙarau da yawa, amma ba ta sami rabin girman da allura ta samu a idon mutane ba. Ganin haka waɗansu suka sami hanyar ci. Wanda ya taɓa yin shara a asibiti, ko ya ga ana yi, sai ya sami sirinji ya shiga kasuwannin ƙauye yana soke mutane a bayan rumfa, allura ɗaya ga kowa. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Da yawa sun tashi da ƙurji a ɗuwawu, waɗansu ƙafa ta shanye don an taɓa jijiya, kuma irin waɗannan ƙararraki sun sha zuwa gaban alƙalai.

Sirinjin wancan zamani na gilashi ne da ƙarfe, ba a yar da shi. In an gama da mutum ɗaya, sai a kwance shi, a wanke, a zura ruwa ta cikin allurar don kada jini ya daskare a ciki, a sa a tukunya a tafasa. Ƙa'idar da masana suka tsaya a kanta ita ce minti 20 daga sa'ad da ruwa ya fara tafasa, ba daga sa'ad da aka ɗora ba. Sa'an nan a tsamo da hantsakin da shi ma an tafasa, kada hannu ya taɓa bakin allura. In ta dakushe a wasa ta a dutse. Manyan asibitoci suna da tukunyar tururi mai murfi da ake ɗaurewa, wadda zafinta ke kai 121, amma a ƙauye risho ne ko murhun itace. Wannan aiki duka a bayan ɗaki ake yinsa, majiyyaci ba ya gani, likita ba ya nan, hakimi bai san ana yi ba. Allurar da aka tafasa da wadda aka ɗauraye kawai, ido ba ya rarrabe su. Ga mutum hamsin a rumfa suna jira, rana ta take, sirinji uku ne kawai. Abin da lebura da malamin asibiti suka yi a wannan sa'a, tsakaninsu ne da Allah.

Don a san girman abin, sai a dubi inda aka yi sakaci. A wani ƙauye mai suna Yambuku cikin ƙasar da a lokacin ake kira Zayar, watau Kwango, akwai asibitin mishan da ake fitar da sirinji 5 kowace safiya, da su za a yi wa duk wanda ya zo, sai dai a ɗauraye su a ruwan ɗumi. Cikin 1976 wata baƙuwar cuta ta shiga wurin, allurar ta ɗauke ta daga jiki zuwa jiki. Mutum 318 suka kamu, 280 suka mutu, har da yawancin ma'aikatan asibitin. Ita ce cutar da aka sa wa suna Ibola. A Masar kuma, daga shekarun 1950 har zuwa farkon 1980, hukuma ta yi ta yi wa mutanen karkara allurar maganin tsargiya, a jere, da sirinjin da ba a tafasa sosai ba. Niyya mai kyau ce, tsargiya kuwa ta ragu, amma bayan shekaru sai aka tarar an shuka ciwon hanta a jikin miliyoyin mutane. Masu yin allurar nan ba mugaye ba ne. Kayan aiki ne suka yi kaɗan, mutane suka yi yawa, aka ga tafasawa tana cin lokaci.

A nan ne zancen ya shafi ma'aikacin ofis, wanda ke ganin shi da asibiti sai in ciwo ya kai shi. Wutar da ke ƙarƙashin tukunyar nan da kuɗi ake hura ta. A kasafin En'e na shekara akwai albashi, akwai gini, akwai magani, sa'an nan can ƙasa akwai 'yan ƙananan abubuwa: kananzir, sabulu, itace, ladan mai ɗebo ruwa, sababbin allurai. In kuɗi ya yi wuya, su ne alƙalami ke fara sokewa, domin ba su da mai kuka. Gini ana ganinsa, ana buɗe shi da taro. Galan ɗin kananzir kuwa ba wanda aka taɓa yi wa kirari saboda shi. Takardar biya da ta kwana wata guda a kan tebur a birni, a ƙauye tana iya zama risho marar wuta, malamin asibiti kuma ya zaɓa, ko ya sallami mutane, ko ya soke su da abin da ke hannunsa. Mai gaskiya yakan sallame su ya sha zagi, ko ya sayi itace da kuɗin aljihunsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma ba kowa ke iya wannan ba in ga uwa riƙe da ɗa yana suma.

Yanzu sirinjin roba ne, a yi da shi sau ɗaya a jefa a kwali a ƙone. Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka nemi a koma yin rigakafi da irin sirinjin da ke kulle kansa in an matsa sau ɗaya, don kada wani ya sake amfani da shi. Tukunya ta huta a wannan fanni, amma almakashi da hantsaki da askar yankan cibiya har yanzu suna bukatarta, kuma sirinjin roba ma sai an saya, an kai, an ƙone. Layin nan na can ƙasan kasafi yana nan, suna kawai ya sake.

Akwai wani kayan aiki da ba a lissafa shi cikin kayan asibiti, alhali kuwa yana cikin manya, shi ne littafi. Kowane ɗakin shan magani yana da babban littafi da ake rubuta sunan majiyyaci, da garinsu, da ciwonsa, da abin da aka ba shi. Matsayinsa kamar na littafin shari'a ne a gaban alƙali: abin da ba a rubuta ba, in an zo bincike, kamar ba a yi shi ba ne. Da shi ake gane ko kwalbar da ta ƙare majiyyata ne suka shanye ta ko kasuwa ta tafi. Da shi kuma ake ganin annoba tun tana jaririya. In malamin asibiti ya ga mutum uku daga ƙauye ɗaya cikin mako ɗaya, duk wuya ya sanƙare, a tsakiyar bazara, ya san abin da ke tafe. Labari ya bi hanyarsa, mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, hakimi ya aika birni. Kwana biyu da aka yi jinkiri a wannan hanya rayuka ne. Sanƙarau ɗin 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, galibinsu a Arewa.

Agana ce ta nuna iyakar amfanin wannan hanya. Mai lamba ya shekara da shekaru yana bin gari gari da 'yar askarsa, mata suna ɓoye 'ya'ya a rumbu in sun ji ya sauka, maganin kuma sau da yawa zafin rana ya kashe shi kafin a kai. A 1967 aka fara babban yaƙi da ita a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, aka zo da busasshen magani mai jure zafi, da wata bindigar lamba da ake takawa da ƙafa, mai iya yi wa ɗaruruwan mutane cikin sa'a guda. Amma dabarar da ta gama da cutar a gabashin Nijeriya aka fara gwada ta, a ƙarshen 1966, sa'ad da magani ya yi ƙaranci: a nemi inda mai agana yake, a yi wa duk na kewaye da shi lamba, cutar ta rasa inda za ta taka. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai in akwai mai kawo labari, kuma a Arewa masu unguwa da dagatai ne suka san gidan da aka rufe ƙofa. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, a 1980 aka shelanta ta ƙare a duniya. Tabon da ke dantsen dattawa shi ne abin da ya rage. Kurkunu ma haka, da littafin ƙauye da ƙyallen tace ruwa aka ci shi: an ƙidaya fiye da mutum 650,000 a 1988, na ƙarshe a 2008.

Yardar da allura ta jawo wa asibiti ba gado ba ce da ba ta ƙarewa. A 2003 jita-jita ta bazu cewa akwai cuta a cikin maganin rigakafin shan inna, aka dakatar da bayar da shi a Kano har zuwa tsakiyar 2004. Cikin wannan tsakani cutar ta ƙaru, ta ƙetara zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara da yawa suka rasa ƙafafu. Likitoci sun yi bayani, amma bayani bai isa ba sai da iyayen ƙasa suka shiga. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na kula da lafiya a matakin farko, hakimai da dagatai suka koma tsohon aikinsu na tara jama'a, waɗansu suka ɗiga wa 'ya'yansu maganin a bainar mutane. A 2016 aka ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar shan inna ta kama a Nijeriya, a ƙasar Barno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka shelanta Afirka ta rabu da ita.

Kayan wannan aiki ba su fi a ƙirga da yatsu ba: akwatin sanyi da ake ratayawa a kafaɗa, da ƙanƙara a ciki don kada magani ya lalace, da 'yar kwalba da ake ɗiga ɗigo biyu a bakin yaro, da alƙalamin da ake shafa wa ƙaramin yatsansa don a san an ba shi, da allin da ake rubutu a bangon gida, da takardar ƙidaya. Masu ɗauke da su galibi mata ne, domin su ke iya shiga cikin gida, ladansu kuwa kaɗan ne. Su ne magadan mai lamba, sun gaji yawonsa, sun gaji rufe ƙofar da ake yi masa. Ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka buɗe wuta a wuraren shan magani biyu a birnin Kano, suka kashe tara daga cikin masu wannan aiki, da safe, suna shirin fita da akwatunansu. Allah ya jiƙansu, ya jiƙan sauran ma'aikatan asibiti da suka riga mu gidan gaskiya, amin.